Ba a Tashin Baba

A gidan Tanimu tela akwai doka guda wadda ba shi ya kafa ta ba. Matarsa Salamatu ce ta kafa ta tun ƴarsu ta fari tana rarrafe: in Baba yana barci, ba a tashinsa. Ko wa ya yi sallama, ko me ya faɗi ya fashe, ba a tashinsa. Mutumin da ke raba dare a kan keken ɗinki a shagonsa na Zongo, in ya samu awa biyu ya miƙe ƙafa, hakkinsa ne. Yaran biyu, Zahra'u mai shekara bakwai da Huzaifa mai shekara huɗu, sun tashi da dokar kamar yadda suka tashi da wanke hannu kafin cin tuwo.

Ranar ƙaramar Sallar bana dokar ta bi su har waje.

Tun farkon azumi Tanimu ya yi masu alkawarin kai su wani filin wasan yara da ke gefen Yamai, mai babban lilo da ke ɗaga mutum sama ya zagayo da shi, da ƙananan motoci masu karo da juna, da dawakan roba masu kewaye cikin kiɗa. Kwana goman ƙarshe na azumi bai yi barcin awa uku a jere ba. Rigar ƙarshe ya miƙa ta ga mai ita ana shirin tafiya idi. Bayan la'asar ya tare taksi, ya kai yaran, ya sayi tike shida, uku-uku. Salamatu ta zauna gida saboda masu barka da Sallah. Da ya ga layin babban lilon ya yi tsawo, sai ya ce su ɗan zauna a kan wani dakalin siminti a inuwa har mutane su ragu. Ya sa tikitin a aljihun gaba, ya jingina da itacen.

Shiru ne ya tashe shi. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, kiɗa ya tsaya, kuma kunnen tela ba ya jure wa inji ya tsaya ba dalili. Ya buɗe ido ya ga rana ta faɗi, ana sauko da mutanen ƙarshe daga lilon, wani ma'aikaci yana cewa injin gurup mai ba da wuta ya ƙi tashi, sai gobe. Huzaifa na zaune a hagunsa da busasshen hawaye a kumatu. Zahra'u na damansa, tana kore masa ƙudaje daga fuska da bakin sabon gyalenta. Awa biyu da rabi suka yi a haka.

"Uwata, me ya sa ba ku tashe ni ba?" Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa ba ya kiranta da sunanta.

"Ba a tashin Baba," in ji ta. Sai ta ƙara da cewa, "Lilon ya zagaya sau arba'in da ɗaya. Na ƙirga."

Bayan kwana biyu ya ce su koma. Huzaifa ya yi tsalle. Zahra'u ta ce, "Ai na ga duka, Baba," ta ci gaba da tsince shinkafar da uwarta ta ba ta. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba. Tanimu ya so a ce ta yi ɗaya daga ciki.

Tikitin shida ya soke su da allura a bangon shago, kusa da kalandar da ke ɗauke da hotunan sababbin ɗinki. Daga ranar ya fara shirin wata tafiya, wadda za ta shafe wancan dakalin daga zuciyar yarinyar.

Wanda ya ba shi teku shi ne Abdou, direban babbar mota, Bazabarme, wanda in ya dawo daga tafiya yake zaman shagon kamar ya biya haya. Tanimu Bagobiri ne daga Tibiri, don haka tsakaninsu akwai wasa, kuma Abdou ba ya barin ranar ta wuce bai ci rabonsa ba.

"Bagobiri, an ce ka biya kuɗin mota ka je ka kwana a gindin itace. Ai da ka faɗa mini, da na ba ka inuwar kamyona kyauta."

"Kai da ka tsufa a kan hanya, faɗa mini, ina za a kai yara su manta da abu?"

Abdou ya kurɓi shayi, ya ɗaga ido kamar mai duba madubin baya. "Lome," in ji shi. "Ka kai su su ga teku. Ruwa ne wanda ba shi da ƙetare. Ka tsaya a bakinsa, ya zo ya taɓa ƙafarka, ya koma, ya sake dawowa. Tun da aka halicce shi haka yake yi, bai gaji ba. In ya koma sai ka ji yashi na zamewa a ƙarƙashin diddigenka, kamar ƙasa na son tafiya da kai. Ni da nake ƙato, ranar farko sai da na riƙe hannun yaron motata."

"Bazabarme da tsoron ruwa? Ku da kuke taƙama da kogi."

"Kogi ɗan'uwa ne. Wancan ba ya da dangi."

Tanimu bai taɓa ganin teku ba. Abin da ya gani a zuciyarsa shi ne bandir na shuɗiyar shadda, wanda wani ya riƙe bakinsa yana warware shi a kan tebur, yana janyewa, yana sake warwarewa, kuma bandir ɗin ba ya ƙarewa. Ya share teburin yanka, ya ɗauki allin ɗinki, ya ce Abdou ya faɗi garuruwan hanya. Ya yi ɗigo ya ce nan Yamai. Ya ja layi ƙasa, yana ɗiga garuruwa yadda yake ɗiga gurbin maɓalli a gaban riga. A ƙarshen teburin alli ya ƙare masa, sai ya shimfiɗa wani ƙyallen shuɗi, ya ce nan teku.

Kwanaki da yawa taswirar tana nan. In zai yi yanka sai ya shimfiɗa yadi a kanta a hankali don kada ta goge. Da tsakar rana, lokacin da zafin bazara ke korar mutane daga titunan Zongo, kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya, yakan bar ƙafarsa ta yi ta taka keken ita kaɗai, shi kuwa yana can. Yana ganin Zahra'u ta tattare bakin siket, ruwa na zuwa yana taɓa ƴan yatsunta. Yana ganin Huzaifa na gudu yana dawowa. Har kayan tafiyar ya ɗinka masu a ransa: wando mai aljihu huɗu ga yaron don tara duwatsu, riga mara nauyi ga yarinyar wadda za ta bushe da wuri. Shi kuma yana tsaye a bayansu, idonsa biyu. A duk mafarkin, abin da ya fi lura da shi ke nan, idonsa biyu.

Wata ranar Juma'a, bayan an ci abincin rana, ya kawo maganar gida.

"Salamatu, na yanke shawara. Bana hutun bakansi a Lome za mu yi shi."

Salamatu na zaune tana yi wa Zahra'u kitso. Ba ta ɗago ba. "Madalla. Yaushe?"

"Bayan babbar Sallah."

"Bayan babbar Sallah bukukuwan aure ne, Baban Huzaifa. Kai ka ce mini amare huɗu sun riga sun kama layi."

"To bayan su."

"Bayan su Mauludi. Bayan Mauludi kayan lakwal, yara za su koma makaranta. Bayan kayan lakwal sanyi, kowa na son riga mai dogon hannu. Kafin ka ɗaga kai an ga watan azumi." Ta ɗaure ƙarshen kitson. "Ban ce kada a je ba. Tambaya na yi."

Ya juya wurin yarinyar. "Uwata, kin ji? Teku za mu je. Ruwan da ba shi da ƙetare."

"To, Baba. Allah ya kai mu."

Ya san muryar. Ita yake ji kullum a ƙofar shago, daga bakin mutumin da aka ce wa ya dawo jibi karo na uku: ladabi cikakke, kuma ba ko ɗigon tsammani a ciki. Bai taɓa jin ta a cikin gidansa ba sai ranar.

Ya rage tafiyar. Ya goge rabin taswirar, ya ce Tibiri, wurin kakarsu, inda za su ga rijiyar da ya faɗa ciki yana yaro. Zahra'u ta ce Allah ya kai mu. Ya ce to ko Kure, nan kusa, inda raƙuman dawa ke tafiya a cikin gonaki suna cin ganyen saman itace, wuyansu ya fi soron gidan nan tsawo. Huzaifa ya tambaya ko ana hawansu. Zahra'u ta ce Allah ya kai mu.

Wata Asabar Salamatu za ta je suna, ta bar masa yaran a shago. Suka zauna a ƙarƙashin teburin yanka, inda ƙyallaye ke taruwa, suna wasa. Tanimu na ɗinkin wuyan wata riga, yana jin su da rabin kunne. Zahra'u ce tela. Ta rataya wani zare a wuya a matsayin metir ɗin awo. Huzaifa ne mai kaya.

"Salamu alaikum, na zo karɓar rigata."

"Kash, Alhaji, yanzun nan nake maganarka. An gama, saura maɓalli. Ka dawo gobe."

"Jiya ma haka kika ce."

"Kuran ne, Alhaji. Gobe in sha Allahu, ko ba ka zo ba ni zan kawo maka har gida."

Ba ta yi kuskuren ko kalma ɗaya ba. Har ɗan tarin da yake yi kafin ya ce kuran ne, ta yi shi. Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sai Huzaifa ya bar wasan, ya ce, "Yaya, yaushe za mu je tekun?"

"Gobe," in ji ta.

"Goben gaske?"

"Goben shago. Zo in auna ka."

Ƙafar Tanimu ta tsaya a kan keken. Ya zauna yana kallon allurar da ta tsaya a tsakiyar wuyan rigar. Shekara goma sha tara yana wannan sana'a, kuma bai taɓa ɗaukar goben shago a matsayin ƙarya ba. Hanya ce ta sallamar mutum ba tare da an ɓata masa rai ba. Kowa ya sani, kowa na ƙara kwana uku a kan abin da tela ya faɗa. Sai yanzu ya ga cewa yarinyar ta iya lissafin ita ma, kuma ta sa teku da Tibiri da raƙuman dawa duk a layi ɗaya da maɓallin Alhaji.

Ranar Litinin ya kai wa Hajiya Yelwa kayanta a Plateau. Ita ce babbar mai kawo masa ɗinki, ƴar kasuwa daga Maraɗi, wadda ta bakinta rabin matan ma'aikatun unguwar suka san shagonsa. Ba ta gida, ya bar kayan. Da zai dawo bai tare taksi ba, ya gangaro da ƙafa ta Gaweye, ya tsaya a bakin gadar Kenedi don ya sha iska.

Ruwa ya ja baya, kamar yadda yake yi a wannan lokaci na shekara. Tsibiran yashi sun fito, duwatsu sun fito, masu wanki sun shanya zannuwa a kan ciyawa kala-kala. Wani kwale-kwale na tafiya a hankali a tsakiyar abin da ya rage na kogin, mai tuƙinsa a tsaye, yana kafa gora yana turawa. Tanimu ya daɗe yana kallo. Ya ƙetare gadar nan a mota sau ɗari, bai taɓa sauka ƙasa ba. Yaransa a garin nan aka haife su, kuma ba su taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Shi yana can yana zana Lome da alli.

Ya sauka. Mai jirgin da ya samu wani dattijo ne, sunansa Yacouba, Hausarsa na da gishirin Zabarmanci. Ya ce yana kai mutane yawo, a bi ta ƙarƙashin gada a haura sama, a dawo kafin magariba. Ya ce wani lokaci ana ganin dorina daga nesa, wani lokaci ba a gani, ba shi ke aiko ta ba.

"Laraba da yamma ba lakwal," in ji Tanimu. "Ƙarfe huɗu."

"Mene ne aikinka?"

"Tela ne ni."

Dattijon ya dube shi, ya dubi metir ɗin da ke wuyansa. "To, in ka zo ka same ni."

A shago, in Tanimu ya karɓi kaya, yakan yanki ɗan bakin yadin ya manna a littafin awo, ya rubuta suna da rana a gefe. Da ya koma sai ya yage shafi guda, ya yanki kusurwar shuɗin ƙyallen da ke matsayin teku a kan teburi, ya manna. Ya rubuta: Zahra'u da Huzaifa, kogi, Laraba, ƙarfe huɗu. Da yamma ya miƙa wa yarinyar. Ta karanta a hankali, tana bin baƙaƙen da yatsa. Ta ninke, ta sa a cikin jakar lakwal.

"Allah ya kai mu, Baba."

Ranar Talata da hantsi motar Hajiya Yelwa ta tsaya a ƙofar shago. Ta shigo da ƙamshin turarenta da leda biyu manya. Abdou da ke zaune ya tashi ya ba ta kujera.

"Malam Tanimu, na ga kayan jiya, hannunka na nan yadda na san shi. To ga wata wuta na kawo maka. Ɗiyar ƙanwata za a kai ɗaki jibi Alhamis, telan da suka ba ankon ya gudu da ƙafafunsa. Kala tara ne. Awon duk yana littafinka. Alhamis da safe nake so."

Ta zazzage shaddar a kan teburi, a kan abin da ya rage na taswirar. Tanimu ya sa hannu ya shafa ta, don hannun ya saba. Ya yi lissafin da ya iya tun yana saurayi. Kala tara da aikin wuya, in ya fara yanzu, ya kwana a kai, ya wuni Laraba, ya sake kwana, zai miƙa bakwai ranar Alhamis da safe, biyu kuma saura maɓalli. Ko kuma ya kwana a kai yau, ya saci awa uku gobe ya kai yara kogi, ya zauna a cikin jirgi da idon da bai runtsa ba. Ya riga ya san inda wannan hanyar ke kaiwa. Akwai tike shida a bango.

Kalmomin da ya saba suna bakinsa, a shirye: an gama, Hajiya, ki ɗauka kin sa. Ya haɗiye su.

"Hajiya, ba zan iya ba. In Litinin ce, zan iya."

Ta yi dariya. "Litinin amarya ta kwana huɗu a ɗakinta. Bar wasa, kawo littafin."

"Ba wasa ba ne. Gobe da yamma shagon a rufe yake."

"Rasuwa aka yi?"

"A'a. Yara zan kai kogi."

Hajiya Yelwa ta juya ta dubi Abdou, kamar mai neman wanda zai fassara mata. Abdou ya duƙar da kai yana wasa da kofin shayi.

"Malam Tanimu, shekara nawa ina kawo maka ɗinki?"

"Goma sha ɗaya, Hajiya."

"A cikinsu sau nawa ka ce mini gobe, na dawo na tarar ko yankawa ba ka yi ba? Na taɓa kai kayana wani wuri?"

"Ba ki taɓa ba."

"To ka ce mini goben mana. Ka ce Alhamis, ni na san yadda zan yi da kai."

"Shi ne abin da ba zan faɗa ba, Hajiya. Ki yi mini haƙuri. Akwai wani a layin bayan masallaci, hannunsa na da kyau, kuma su uku ne a shagon. Zan raka ki."

"Na san hanya." Ta mayar da shaddar cikin leda da kanta, kala bayan kala, ba ta bari ya taimaka ba. A bakin ƙofa ta tsaya. "Kogi," in ji ta. "Allah ya sa a dawo lafiya." Ba ta ce sai an jima ba.

Da motar ta tafi, Abdou ya ce, "Bagobiri, yau na ga abin da ban gani ba daga nan har Lome. Tela ya faɗi gaskiya da rana tsaka. Za ta dawo kuwa?"

"Ban sani ba."

Ya dubi teburin. Shaddar ta kwashe sauran allin, ba Yamai, ba Tibiri. Ƙyallen shuɗin ne kawai ya rage, da gurbin kusurwar da ya yanke.

A ranar ya rufe shago da magariba, ya kwanta bayan isha'i kamar ma'aikacin gwamnati. Laraba ƙarfe uku da rabi ya sa kwaɗo a ƙofa. Maƙwabcinsa mai sayar da zare ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Ƙarfe huɗu saura minti biyar suna bakin ruwa a Gaweye, su huɗu, har da Salamatu da kwanon soyayyar doya da gorar ruwan sanyi. Yacouba ya dubi rana, ya dubi Tanimu, ya jawo jirgin kusa. Zahra'u na riƙe da takardar nan a hannu. Tun da suka fito daga gida take ta duban kowace kwana kamar a nan ne za a ce a koma.

Kafin su shiga, Tanimu ya tsuguna a gabanta. Metir ɗin awo na wuyansa, don ya manta bai cire ba. Ya kama bakinsa ɗaya mai ƙarfe ya sa mata a tafin hannu.

"Uwata, riƙe nan. In kika ga na yi barci, ki ja."

Yarinyar ta dubi uwarta.

"Yau an ɗage dokar," in ji Salamatu.

"Yau kaɗai?"

"Duk ranar da ya fito da ku. A gida tana nan."

Jirgin ya rabu da gaɓa ba ƙara. Huzaifa ya ƙanƙame gwiwar uwarsa, bayan minti biyu ya sake ta, ya fara ja wa ruwa layi da yatsa. Suka shiga ƙarƙashin gadar, inuwa ta rufe su, motoci na wucewa a bisa kansu da wani rugugi mai nisa, kamar hadarin da bai yanke shawarar zuwa ba. Suka fito cikin haske. Garin ya koma baya, ya zama gine-gine marasa murya. Balbelu na tsaye a kan tsibirin yashi. Wani masunci ya watsa birginsa na kamun kifi, ya buɗe a sama, ya sauka a hankali. Ba abin da ake ji sai gorar Yacouba tana shiga ruwa tana fita, da ɗigon da ke biyo ta.

Tanimu ya yi barcin awa takwas a daren jiya, kuma ya zauna a miƙe don kada ya jingina da komai. Amma jikin da ya shekara goma sha tara ba ya samun zama sai a gaban keke bai san abin da ake yi da zama irin wannan ba. Gorar na shiga, tana fita. Iskar ruwa na shafa masa ƙeya. Ya ga kogin ya faɗaɗa, gaɓar Harobanda da ke ƙetare ta ja baya, ta ja baya, har ta ɓace. Ruwan ya yi shuɗi. Wani yana can nesa yana warware bandir ɗin, yana janyewa, yana sake warwarewa, kuma ba wanda ke jira a ƙofa, ba wanda ya ce yaushe. Yashi na zamewa a ƙarƙashin diddigensa. Ya ji daɗin wurin ƙwarai.

Sai ya ji wani abu a wuyansa. Kaɗan ne, kamar ƙuda ya sauka ya tashi. Aka daina. Aka ɗan jima. Sannan aka sake ja, wannan karon da ƙarfi, har kansa ya sunkuya.

"Baba. Ka tashi. Ga ta can."

Ya buɗe ido. Yacouba ya kafa gorar ya tsayar da jirgin. Can nesa, kusa da wasu duwatsu, akwai kunnuwa biyu ƙanana da wani baƙin tudu a saman ruwa. Tudun ya huro ruwa ta hanci, kunnuwan suka kaɗa. Suka yi ta kallo har abin ya nutse, ruwan ya rufe wurin kamar ba a taɓa buɗe shi ba.

"Minti nawa na yi?" in ji Tanimu.

"Shida," in ji Salamatu. "Biyar daga ciki tana kallon metir ɗin tana kallona."

Yacouba ya juya jirgin. Rana ta sauko dab da ruwa, gadar ta sake bayyana a gabansu da ƴan motocinta. Huzaifa na ba uwarsa labarin dorinar kamar ba ta wurin. Zahra'u ba ta saki metir ɗin ba, ta naɗe bakinsa a yatsa. Ta buɗe takardar da ɗayan hannun, ta dubi ɗan ƙyallen shuɗin, ta dubi ruwan, wanda ba shuɗi ba ne, launin shayi da madara ne.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

"Yaushe za mu je tekun?"

Tun ranar Sallah ba ta tambaye shi yaushe ba a kan komai. Amsar da ya saba ta zo bakinsa da gudu. Ya bar ta ta wuce.

"Ban sani ba tukuna. Ranar da na san ranar, zan rubuta miki a takarda irin wannan."

Ta yi nazarin maganar, ta ninke takardar, ta sa a aljihu.

"To," in ji ta. "Ka sa ƙarfe nawa."